Wa Zai Ɗauki Hoton Masu Yankan Katako Da Leburorin Kuza A Jos?

Duk wanda ya shiga ofishin gwamnati ko falon wani attajiri a garin Jos zai tarar da hotuna rataye a bango, na gwamnoni da sarakuna da manyan baƙi suna buɗe gine-gine. Amma da wuya ya ga hoton lebura ko guda ɗaya daga cikin dubban mutanen da guminsu ya gina garin. Wannan kuwa babbar hasara ce, domin Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma abin da ba a ajiye kamanninsa ba, in masu ba da labarinsa suka ƙare, shi ke nan ya tafi.

Kowa ya sani kuza ce ta kafa Jos. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Ririwai suna narkar da ita, amma a farkon ƙarni na 20 ne Kamfanin Neja ya kafa sansani a Naraguta, sa'an nan sauran kamfanoni suka yi ta kwararowa. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, a 1927 kuma babban layin dogo ya iso ta Kafanchan. Mutane suka yi ta tahowa neman aiki daga Kano, Katsina, Sakkwato, Barno da ƙasashen kudu, suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere waɗanda gonakinsu ne ake haƙawa. Ta haka garuruwa irin su Bukuru, Barikin Ladi, Bisichi, Dorowa da Gana Ropp suka bunƙasa.

An ɗauki hotunan wannan zamani, sai dai a tambaya, wa ya ɗauka, kuma don wa? A 1910 wani Bature mai suna Albert Calvert ya buga littafi a London game da filayen kuza na Nijeriya, cike da hotuna. Masu zuba jari aka nufa da irin waɗannan hotuna, watau a nuna musu inda kuɗinsu zai shiga. Saboda haka za ka ga an rubuta sunan kamfani da na rafi da na Baturen da ke tsaye, amma jerin mutanen da ke ɗauke da kwanon ƙasa a ka ba a damu da sunansu ba. Haka kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya aka rasa kuzarta, gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa dubban talakawa aikin kuza daga 1942 zuwa 1944, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Da yawa sanyin dutse da yunwa da cuta suka kashe su. A littattafan ofis, lissafi kawai suka zama.

A 1959 wani mai hoto Ba'amurke, Eliot Elisofon, ya zagaya Nijeriya yana yi wa mujallar Life aiki. Hotunansa suna ajiye a gidan tarihin fasahar Afirka da ke birnin Washington. Ashe ke nan jikan leburan da ke son ganin yadda ƙasarsa take gab da samun mulkin kai, sau da yawa sai ya nemi taimakon wata ƙasa.

To, kuzar manyan kamfanoni ta riga ta zama tarihi, musamman bayan da farashinta ya karye a kasuwar duniya a 1985. Abin da ya rage shi ne ramuka cike da ruwa, da tudun jar ƙasa, da itatuwan turare da aka dasa don gyara wuraren da aka lalata, sai kuma ƙananan mahaƙa masu shiga ramuka kamar rijiya suna sayar da ransu. Amma akwai wasu ma'aikatan da ke nan a gaban idonmu kullum, su ne masu yankan katako.

Tudun Jos ƙasar ciyawa ce da duwatsu, tsayinta daga teku ya kai kamar ƙafa 4,000, kuma ba ta da kurmi irin na kudu. Don haka yawancin katakon da aka rufa gidajen garin da shi daga nesa manyan motoci suke kawo shi, a sauke a Kasuwar Katako. A nan ne mutum zai ga aiki na gaske. Ga masu dako suna saɓa dogon katako a kafaɗa, ga mai inji yana tura shi bakin zarto, hannunsa bai fi taƙi ɗaya daga haƙoran ƙarfen ba, ga yara suna kwasar garin katako a buhu, ga kafintoci suna ciniki. Ƙarar inji takan hana mutum jin maganar na kusa da shi, ƙura kuma tana shiga ido da ƙirji daga safe har yamma. Kowane gida a Jos yana da ƙofa da kujera da gado da suka bi ta hannun waɗannan bayin Allah, amma a gidaje nawa ne aka san fuskarsu?

Kada mai karatu ya ce ai kasuwa tana nan, gobe ma rana ce. A watan Fabrairu na 2002 gobara ta cinye Babbar Kasuwar Jos, wadda ake alfahari da ita a duk Afirka ta Yamma. A rikicin watan Nuwamba na 2008 kuma wuta ta ci Kasuwar Katako. Yaron da aka haifa bayan wannan, in ba a hoto ba, ina zai ga yadda kasuwannin suke, da yadda mutane masu yare dabam dabam da addini dabam dabam suke aiki kafaɗa da kafaɗa a cikinsu?

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane wannan. A Amurka wani mai suna Darius Kinsey ya yi shekaru fiye da 40 yana bin masu saran itace da injinan katako a jihar Washington da kyamararsa, har zuwa 1940. Manyan itatuwan da ya ɗauka an sare da yawansu, amma mutanen suna nan a hoto. Daga 1935 zuwa 1944 gwamnatin ƙasar da kanta ta ɗauki masu hoto aiki, irin su Dorothea Lange da Russell Lee, suka bi ƙauyuka da gonaki da wuraren yankan katako. Hotuna kusan 175,000 suka bari, kowa kuma yana iya ganinsu a ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar.

Mu ma muna da misali a cikin gida. Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, asalinsa daga ramin kuza ne, domin mahaƙa ne suka fara tono gumakan yumɓu na Nok. A harabarsa akwai kwaikwayon ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. An iya gina su ne saboda wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru yana auna gine-ginenmu na gargajiya yana ɗaukar hotonsu. In har an yi wa bangon ƙasa wannan gata, ai wanda ya yanka katakon rufi ma ya cancanta.

Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya nuna hanya, domin da kuntiginsa ya waƙe karen mota da sauran talakawa, ya ba su daraja. Abin da ya yi da waƙa shi ake so matasa su yi da kyamara, tun da yanzu kusan kowa yana da ita a wayar hannunsa. Sai dai aikin yana da ƙa'ida. A nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi. A rubuta sunansa, da garinsu, da irin aikinsa, da ranar da aka ɗauka. A koma a ba shi nasa hoton. Kada kuma a tsaya kan wahala kaɗai, a nuna gwanintarsa da raharsa lokacin cin abinci. Daga nan a fita ƙauyuka, a ɗauki ranar kasuwa a Barikin Ladi, da gonakin dankali da acca, da duwatsun Shere da na Riyom, da ramukan kuza, a shekara mai zuwa a sake komawa wurin a ga abin da ya canja.

Muna kira ga Jami'ar Jos, da Hukumar Fina-finai ta Ƙasa wadda hedkwatarta ke garin, da Gidan Tarihi, su haɗa kai su buɗe ma'ajiyar hotunan ma'aikata. Jaridar Nigeria Standard, da ake bugawa a Jos tun 1972, da tsofaffin masu shagon hoto, su duba akwatunansu kafin gara da danshi su riga mu. Su ma shugabannin 'yan katako su buɗe wa masu hoto ƙofa, domin tarihinsu ne za a ajiye wa 'ya'yansu.