Ko ka sani? Raƙumi yana da ɗan'uwa marar tozo a Kudancin Amurka

Ɗauki raƙumi ka sauke masa tozo, ka rage masa tsawo har kafaɗarsa ta tsaya daidai ƙirjin mutum, ka lulluɓe shi da gashi mai kauri, sannan ka kai shi kan tsaunin da ya doshi mita 4,000 inda sanyi ke ratsa ƙashi. To, ka samu lama, dabbar da mutanen tsaunukan Andes na Peru da Bolibiya suke kiwo tun dubban shekaru.

Wanda ya san raƙumi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Leɓen sama a tsage, ƙafa mai yatsu biyu da tafi mai taushi, gurfane idan za a kwanta, tuƙa, har da mugun halin nan na fesa wa abokin faɗa koren abin da ke ciki. Duk gado ne. Kakanninsu a Arewacin Amurka suka faro, kimanin shekara miliyan 40 da suka wuce. Wani reshe ya ƙetara Asiya ta Bering lokacin da ƙasa ke haɗe, shi ne ya zama raƙumin da ke ɗauko gishiri daga Bilma. Wani ya gangara kudu wajen shekara miliyan 3 baya. A ainihin mahaifar tasu kuwa, ƙarewa suka yi ƙurmus.

Daular Inka da ta mulki Andes ba ta da doki, ba ta da jaki, ba ta aiki da amalanke. Lama ce motarta. Sai dai mota ce mai ra'ayin kanta: kayan da take ɗauka bai cika wuce kilo 30 ba, abin da ko buhun siminti bai kai ba. Ka zarce mata ƙima, sai ta gurfana, ta kwantar da kunnuwa baya, ta ƙura maka ido. Ja akala, yi tsawa, yi magiya, ba inda za ta sai ka rage. Jaki dai ya sha wuya a duniya don bai koyi wannan ba. Shi ya sa ayarin lama yawa ne ƙarfinsa, ɗaruruwa a jere. Bayan an gano azurfa a Potosi a 1545, irin waɗannan ayarori ne suka riƙa saukowa da ita daga tsauni.

Babba ba ya hawanta, kuma mutanen Andes ba su saba tatsarta ba. Amma gashinta igiya ne da buhu da bargo, kashinta makamashi ne a tudun da babu itace, ga shi kuwa garken wuri guda yake taruwa ya yi, ba sai an bi daji ana tsinta ba. Namanta ake yanyanawa a shanya da gishiri, a kira shi charki da harshen Kechuwa. Kilishinsu ke nan, sai dai babu labu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a Dubai ya faru. Masana a cibiyar kiwon raƙuma ta can, ƙarƙashin Dakta Lulu Skidmore, suka ce bari a sada zumuncin nan da ya yanke tun miliyoyin shekaru. Burinsu dabba mai ƙarfin raƙumi da gashin lama. Barbara ta kai tsaye ba ta taso ba, don amale ya ninka lama wajen sau shida a nauyi, murƙushe ta zai yi. Sai aka ɗebi maniyyin raƙumi aka dasa wa gwanako, wato lamar daji. Abin da ya ba su ƙwarin gwiwa shi ne, duk da nisan rabuwar, ƙwayoyin gadon nan da ake kira kuromosom 74 ne a jikin kowannensu, ba ragi ba ƙari. Doki da jaki da muke gani kamar 'yan ɗaki ɗaya, 64 ne da 62, shi ya sa alfadari ba ya haihuwa.

A watan Janairun 1998 aka haifi ɗan, namiji, aka raɗa masa suna Rama, irin nasa kuma aka kira shi kama, wato an gutsuro farkon sunan raƙumi na Turanci an liƙa da ƙarshen lama. Ya fito da gajerun kunnuwa da dogon bindi irin na uba, ƙafafu sun fi karkata ga na uwa, tozo kuwa ko alama. Da ya girma sai ya zama mafaɗaci, masu kula da shi suka rasa gane kansa. Ni dai ban ga laifinsa ba: uba raƙumi, uwa lamar daji, wa zai gado haƙuri a wurinsa?