Amurka: Wace irin jif ta dace da matashin da ya fara tuƙi?

A ƙaramin garin Pleasant Garden mai mutane kimanin 5,000, wanda ke kudu da birnin Greensboro a jihar Karolina ta Arewa, mota ba kayan alatu ba ce. Gidaje a warwatse suke tsakanin gonaki da itatuwa, kuma wanda ba shi da abin hawa da wuya ya kai kansa makaranta ko wurin aiki. Saboda haka da zarar yaro ya cika shekara 16, sai maganar saya masa mota ta taso, kuma a gidaje da dama, ciki har da na 'yan Nijar da Najeriya mazauna yankin Greensboro, abin da yaron ke buri shi ne ƙaramar jif ta hannu mai ja da ƙafafu huɗu.

Hujjar da akan kawo ita ce hunturu. Dusar ƙanƙara ba ta cika yawa a wannan yanki ba, amma takan zo da ƙarfi wani lokaci, kamar a watan Disamba na 2018 da ta kai kusan ƙafa guda a Greensboro, sannan akwai ruwan da ke daskarewa a kan kwalta ya mayar da ita tamkar gilashi. To amma a nan ne iyaye da yawa ke kuskure. Ja da ƙafafu huɗu yana taimaka wa mota ta tashi daga inda ta kafe ko ta hau tudu mai santsi, ba ya ƙara mata ƙarfin birki ko kaɗan. Direban da bai ƙware ba, idan ya ga motarsa ta tashi lafiya a kan ƙanƙara, sai ya ƙara wuta, ba ya farga sai ya zo kwana.

Hatsarin kuwa ba ƙarami ba ne. Alƙaluman hukumomin Amurka sun nuna cewa idan aka kwatanta da nisan tafiyar da ake yi, direbobi 'yan shekara 16 zuwa 19 sun ninka waɗanda suka kai 20 zuwa sama kusan sau uku wajen shiga hatsarin da ke janyo asarar rai. Wannan ne ya sa tun a 1997 Karolina ta Arewa ta fara ba matasa lasin mataki-mataki. Yaro yakan karɓi takardar koyo yana da shekara 15, ya yi tuƙin sa'o'i 60 tare da babba a gefensa, kuma ko bayan ya sami lasin farko, ba ya tuƙi shi kaɗai daga ƙarfe 9 na dare zuwa 5 na asuba sai da wani uzuri da doka ta amince da shi, kamar zuwa aiki.

Ita kanta ƙaramar jif tana da tarihin da ya kamata a sani. A 1988 mujallar Consumer Reports ta bayyana Suzuki Samurai a matsayin motar da ba ta amince da ita ba, tana mai cewa tana saurin wuntsilawa idan aka karya sitiyari kwatsam. Kamfanin ya musanta, ya kai ƙara a 1996, daga bisani aka sasanta a 2004. Ko ma dai yaya aka ƙare, dalilin damuwar a fili yake: mota mai tsayi da ƙarancin faɗi ta fi mota mai kwanciya saurin kifewa. Zuwan Toyota RAV4 da Honda CR-V da Subaru Forester a shekarun 1990, waɗanda aka ƙera bisa tsarin ƙananan motoci, ya rage matsalar, amma abin da ya kawo babban canji shi ne wata na'ura mai suna ESC.

Aikin wannan na'ura shi ne lura da inda direba ya nufa da sitiyari da kuma inda motar ta dosa. Idan ta ga motar na neman ƙwacewa, sai ta taka birkin ƙafa ɗaya ita kaɗai, ta kuma rage ƙarfin inji har motar ta dawo kan hanya. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora ta gano cewa na'urar na rage kusan rabin hatsarin mutuwa a haɗurran da mota ɗaya ce ta yi su. Doka ta wajabta sanya ta a dukkan sababbin ƙananan motoci daga samfurin 2012. Ke nan tsohuwar jif mai araha da ba ta da ita, komai kyanta, kyan ɗan maciji ne.

Tun 2014 cibiyar ta IIHS ke fitar da jerin motocin hannu da suka dace da matasa, kuma daga 2020 tana yin haka ne tare da Consumer Reports. Ƙa'idojin ba su da wuyar ganewa: kada motar ta yi ƙanƙanta ainun, nauyinta ya wuce kimanin kilo 1,250, kada injinta ya kasance mai ƙarfin da zai kwaɗaita wa yaro gudu, sannan ta ci gwajin karo.

Bayan an tsayar da samfuri, sai binciken ita motar. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, kuma da ita ake duba shafin hukumar NHTSA a ga ko akwai gyaran da kamfani ya kira motar dominsa wanda ba a riga an yi ba. Wannan yana da muhimmanci saboda jakunkunan iska na kamfanin Takata, waɗanda aka kira miliyoyinsu bayan an gano suna iya fashewa su watsa ƙarafa, musamman inda ake zafi da laima. Gyaran kyauta ne. Haka kuma a yi hattara da motocin da ambaliya ta shanye, irin ta guguwar Helene da ta yi ɓarna a yammacin jihar a watan Satumba na 2024. Warin ruma a ciki, da laka a ƙarƙashin shimfiɗa, da tsatsa a ƙarafan kujera, duk alamu ne. A kai ta wurin bakaniken da ba na mai sayarwa ba, ya duba tayoyi huɗun su kasance iri ɗaya, domin bambancinsu na lalata giyar irin wannan mota.

Sai kuma inshora. Daga 1 ga Yulin 2025, ƙarin kuɗin da ake ɗora wa sabon direba a jihar yana iya kaiwa shekara takwas maimakon uku, don haka a tambayi farashi tun kafin a biya kuɗin mota.

Wannan darasi bai tsaya a Amurka ba. Motocin da kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu bayan hatsari ko ambaliya, da yawansu kan bi ta tashoshin Kwatano da Lome su ɓulla a Kano da Maraɗi an yi musu sabon fenti. Uban da ke neman wa ɗansa jif a can yana iya duba lambar shasin nan a intanet kamar yadda na Pleasant Garden zai yi, ya kuma tambaya ko tana da ESC kafin ya tambayi ko tana ja da ƙafafu huɗu.