Sabuwar Fitila a Kan Tsohuwar Waya

Idan fitilar dare ta mutu a jirgin ruwa mai tafiya da iska, abin da mai jirgi ya fi yi shi ne ya sayo sabuwa ya jona a tsohuwar waya. Wannan arha ce mai tsada. Dokar hana karon jirage a teku ta 1972 ta ce a sa ja a hagu, kore a dama, fari a baya, ta kuma ƙayyade nisan da za a hango su: a jirgin da bai kai mita 12 ba, mil ɗaya na teku ga na gefe, mil biyu ga na baya. Fitilar da ke ci dishi-dishi ta saɓa doka ko da tana kunne, kuma sau da yawa waya ce ke rage mata haske.

Wuta na raguwa a hanya gwargwadon tsawon waya da sirantarta. Ƙa'idar ABYC ta Amurka kan wayoyin jiragen ruwa ta yarda a yi asarar kashi 3 cikin ɗari kawai a layin waɗannan fitilu, wato bolt 0.36 a batir mai bolt 12, kuma zuwa da dawowa ake aunawa. Fitilar da ke ƙolin sanda mai mita 15 tana jan waya fiye da mita 30 ke nan.

Wasu za su ce fitilar LED wuta kaɗan take ci, don haka tsohuwar waya ta wadatar. Ta fuskar kauri sun yi gaskiya. Sai dai lissafin yana ɗauka jan ƙarfen da ke cikin wayar lafiya lau yake, alhali ruwan gishiri yakan shiga ta bakin waya ya bi cikin roba, ya mai da silin baƙi ƙirin har nesa da inda ido ke gani. Girgizar jirgi kuma tana karya waya mai sili ɗaya irin ta gida. Shi ya sa ake neman mai sili da yawa wadda aka shafe da kuza, a matse mahaɗa da abin matsewa, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi, a ɗaure wayar don kada ta riƙa gogar ƙarfe a cikin sanda. Fiyus kuwa wayar yake tsarewa daga gobara, saboda haka kusa da tushen wuta ake sa shi.

Bayan an gama a kunna fitilar tare da rediyon VHF a saurara, domin a 2018 dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka sun yi gargaɗin cewa wasu fitilun LED na toshe shi.