Kwaruru: Dafuwa Da Suya

Mahajjata da fatake da suka zauna Sudan sun san wani wake mai ƙaramin baki wanda a can ake kira kabkabe, Larabawa kuma su ce hummus. Ƙasar Indiya ta fi kowace noma shi. Sanyi yake so, bai saba da daminarmu ba. To, amma a ƙasar Zamfara akwai ɗan'uwansa a wajen ci, watau kwaruru, wanda Kanawa ke ce wa gurjiya. (Baƙo ya lura, a Gusau in ya ce gujiya, gyaɗa za a auno masa.)

A ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu mata suka fi shuka shi, a jigawar da ta gaji, bayan an gama da gero. Cikin wata huɗu ya nuna. Ba ya son taki da yawa, sai ya yi ganye ya hana 'ya'ya.

Ɗanye ba wuya: a wanke ƙasar, a dafa shi da ɓawonsa da gishiri kamar awa guda. Busasshe shi ne mai gardama. Ƙwayarsa tauri gare ta, takan cinye itacen yini biyu, har uwargida ta yi fushi ta ce a sayar. Nan hasara take, gama da kaka ake sayar da shi da araha, 'yan kasuwa su kai Kudu inda ake yin okpa da garinsa, alhali yaran gidan suna bukatarsa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙwayar abin gina jiki ne.

Maganin taurin shi ne jiƙo. A ɓare, a jiƙa tun da magariba, da safe a zubar da ruwan, a sa sabo, a jefa 'yar kanwa. Kanwar kada ta yi yawa, tana baƙanta shi, ta ɓata ciki. Gishiri sai ya yi laushi tukuna.

Suya kuwa, a jiƙa shi a ruwan gishiri, a shanya ya sha iska, kana a zuba cikin yashi mai zafi a kasko, a yi ta juyawa. In ya fara tsagewa yana ƙamshi, a sauke, a tankaɗe yashin. Wanda za a ajiye zuwa bazara a bar shi cikin ɓawonsa a rumbu, ƙwari sun fi saurin cin ɓararre.