Icen makaranta: me ke faruwa da shi bayan 3 ga Agusta?

Yau maganarmu a kan makarantu take, tun daga kwalejin ƙauye, wato CEG, har zuwa lise da jami'ar Tawa, da abin da suke iya yi wa muhalli a cikin harabarsu.

Kowa ya san ranar 3 ga Agusta. Ita ce ranar da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, kuma tun 1975, zamanin Seyni Kountché, ta zama ranar dashen itace a faɗin ƙasa. Makarantu na cikin wuraren da aka fi kai ƴan itatuwa a wannan rana. Ana gina ramu, manya su dasa, a ɗauki hoto, a watse. To amma duk wanda ya zagaya makarantunmu a watan Afrilu ya san abin da zai tarar: fili fetal, ƴan makaranta sun cunkushe a inuwar bango, malamai sun ja kujera gindin dogon yaro ɗaya tilo. Shekara hamsin ana dashe, ina itatuwan suka shiga?

Kalandar makaranta da ta ice ba su jitu ba

Amsar farko tana cikin kalanda. Ranar 3 ga Agusta tsakiyar babban hutu ce. Yara suna gona, malamai da yawa sun koma garuruwansu, ba a komawa aji sai Oktoba. Wata biyu ke nan ɗan icen yana zaune ba mai kula da shi. Wannan da sauƙi, tunda damina ce, sama na ba shi ruwa. Wahalar tana farawa daidai lokacin da aka koma makaranta, don a nan ne ruwa ke ɗaukewa.

A yankin Tawa ruwan shekara bai cika wuce milimita 350 zuwa 400 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Daga Oktoba zuwa Yuni ɗan icen zai yi wajen wata tara ba ɗigo. Cikin wannan tsakani akwai iskar hunturu mai busar da ganye, akwai sakin gonaki bayan girbi inda awaki da raƙuma ke shiga ko'ina, sannan ga bazara da zafinta ya wuce digiri 40. Makarantar da ba ta da katanga kuwa hanya ce ga dabbobin gari. Akuya ɗaya tana iya gamawa da aikin mutum ashirin kafin a tashi daga aji.

Abu uku ke nan ke kashe icen makaranta: ƙishirwa, bakin dabba, da rashin mai shi. Na ukun ya fi muni, don icen da aka ce na kowa ne, ba wanda ke jin kunya in ya mutu.

Adar ta riga ta san maganin

Abin mamaki, jaharmu tana cikin wuraren da duniya ke zuwa koyon yadda ake raya ƙasar da ta mutu. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro biyu-biyu don tare iska, da tazarar mita 100 tsakanin layi da layi, tare da taimakon ƙungiyar CARE. Aikin ya kai ɗaruruwan kilomita. Abin da ya raya waɗannan itatuwa shi ne gadi: an sa masu tsaro suna korar dabbobi har itatuwan suka fi ƙarfin akuya.

A Keita, poroje mai tallafin ƙasar Italiya da hukumar FAO ya fara a 1984, shekarar babbar yunwa. An raya fiye da hekta dubu 30, an dasa itace wajen miliyan 18. Mafi yawan masu ɗaukar duwatsu da gina ramun mata ne, don maza sun tafi biɗa. Da yawa daga masu karanta wannan shafi, uwayensu ko kakanninsu ne suka yi aikin nan da hannunsu. Darasin Keita shi ne, a fara tare ruwa kafin a dasa ice: a yi gandari na duwatsu, a gina rami, sannan a sa tsiro a inda ruwa zai kwanta.

A Illela kuma, ƙarshen shekarun 1980, wasu manoma sun je Yatenga ta Burkina Faso, suka dawo suka gyara tassa irin ta gargajiya: suka faɗaɗa ramin, suka zuba taki. Fakon da aka yi watsi da shi ya koma ba da hatsi, har mutane suka fara sayen fako da kuɗi. Daga Maradi kuma sassaben zamani ya bazu tun wajen 1983, inda manomi ke barin tohon kututture biyu ko uku ya gyara su maimakon ya sare duka. Masu bincike sun ƙiyasta cewa hanyar ta raya itace wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Duk wannan sani yana hannun manoman da ke kewaye da makarantunmu. Sau da yawa a bakin ƙofar makaranta yake tsayawa. Yaro ya karanta zaizayar ƙasa a darasin SVT da Faransanci, ya rubuta a jarrabawa, alhali kakarsa da ta shekara tana jera gandari tana zaune gida ba wanda ya taɓa gayyatarta ta nuna wa aji yadda ake yi.

Lissafin ruwa

Mutane kan ce makaranta ba ta da ruwan ban itace. Bari mu yi lissafi tare. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi, lita ɗaya ce. Ɗauki aji mai rufin kwano, tsawo mita 9, faɗi mita 7. In shekara ta ba da milimita 350, ruwan da ya sauka a kan wannan rufi ya kai lita dubu 22, wato bido mai lita 25 sama da 800. Duk shekara wannan ruwa zubewa yake, yana cin gindin bango, yana buɗe kwazazzabo a harabar makaranta.

Yanzu a ce makaranta na da ƴan itace 50, kowane ana ba shi lita 10 a mako. Lita 500 ke nan, bido 20. Cikin mako 36 na rani, lita dubu 18. Kun ga rufin aji ɗaya ya kusa ɗaukar nauyinsu duka, in da indararo da wurin tara ruwa. Ko babu kuɗin gina tanki, ana iya jan ruwan rufin da ɗan lambatu zuwa rabin wata, a dasa icen a ciki, ƙasa ta riƙe danshi. Rabin wata irin na gona faɗinsa wajen mita 4 ne, kuma aji ɗaya na iya gina da yawa a safiyar Asabar guda. Ruwan alwala da na wankin hannu shi ma kada ya tafi banza: a sa wurin alwalar kusa da gindin ice.

Wannan lissafi yana nuna wani abu kuma. Makarantar da ta dasa 500 ba ta da ruwansu. Gara 30 ko 50 da za a iya rainonsu har shekara biyu, lokacin da saiwa ta yi nisa.

Wane ice, kuma a ina?

Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya yake, yana saurin ba da inuwa, ya dace da gaban azuzuwa, amma kada a manna shi da bango. Gefen gabas, inda iskar hunturu da guguwar farkon damina ke fitowa, ya fi son layin itatuwa masu jure fari irin su bagaruwa, ɗakwara, aduwa da magarya, kuma ƙayarsu na taimakawa wajen shinge. Gawo yana da jinkiri, amma yana fitar da ganye da rani lokacin da sauran suka zubar, kuma yana gyara ƙasa. Zogale na son kusa da ruwa, a cikin lambun makaranta.

Kafin a sayo ko ɗaya, a zagaya harabar a duba. Sau da yawa akwai kututturen sabara, kalgo ko magarya da ke toho duk shekara ana sarewa da sunan shara. Waɗannan saiwarsu ta riga ta kai ƙasa, ba su buƙatar ban ruwa. Gyara da kariya kawai suke so.

Leda da itacen girki

Muhallin makaranta bai tsaya ga itace ba. A bakin kowace kwaleji akwai masu saida abinci da ruwan leda, kuma da yamma iska na kwashe ledojin zuwa gonaki. Mahauta sun san abin da suke tararwa a tumbin dabbobi. Nijar ta yi dokar hana shigo da irin wannan leda mara kauri da saida ta tun Nuwamba 2014, amma kasuwa na cike da ita. Ƙonawa ba magani ba ce, hayaƙinta na cutar da ƙirji. Abu ɗaya mai amfani shi ne a tara ledar ruwa, a yanke bakinta, a huda ƙasanta, a cika da ƙasa da taki: ta zama tukunyar rainon iri. In aka shuka a Afrilu ko Mayu, tsiron zai isa dashe cikin damina, makaranta ba ta sayi komai ba.

Inda ake dafa wa ƴan makaranta abinci kuma, murhun dutse uku na cinye itace da yawa. Murhu mai tsimin itace, na laka ko na ƙarfe irin Mai Sauƙi, yana rage abin da ake sarowa daga daji.

Wa zai ɗauki nauyi?

Muna da kayan aiki a hannu. Kwamitin kula da makaranta da aka fi sani da COGES, wanda ya haɗa uwayen yara, malamai da darakta, a nan jahar Tawa aka fara ƙarfafa shi a 2004 da tallafin hukumar JICA ta Japan, kafin tsarin ya bazu a ƙasa. Kwamitin na rubuta tsarin aikinsa na shekara. In aka sa shinge, ban ruwa da gadin lokacin hutu a ciki, da sunan wanda zai yi da kuɗin da za a kashe, magana ta fita daga fatar baki. Kowane ice a ba shi yara biyu ko uku masu shi, a rubuta a littafi. Wanda ya shiga aji na farko na kwaleji yana da shekara huɗu a gabansa, sun isa ya zauna inuwar abin da ya raina. Lokacin hutu kuma yaran da gidajensu ke kusa su karɓa.

Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010 kuma take ɗauke da sunan masanin tarihin Adar, Djibo Hamani, tana da sashen koyon aikin gona. Ɗalibanta na buƙatar wurin gwaji da abin da za su rubuta a kai kafin su gama. Makarantun Bambeye, Kalfu, Afala da Barmu ba su da nisa da su. Ɗalibi zai iya auna gangaren fili, ya nuna inda za a jera duwatsu, ya ƙirga wane irin ice ya fi rayuwa a fako, wane ya fi a jigawa. Magajin gari da ma'aikatan gandun daji su ne za su iya haɗa wannan zumunci.

Ku kuma ƴan uwa na ƙetare, mun san ƙoƙarinku wajen gina masallatai da azuzuwa. In za a aiko wa makarantar gari da taimako, a tuna da wayar shinge, indararo, tanki da ladan mai gadi. Kuma in an turo muku hoton ranar dashe, ku ce madalla, sannan ku nemi wani hoton a ƙarshen Mayu, kafin ruwan farko, tare da ƙidaya: nawa aka dasa, nawa suka rage. Makarantar da ta yi wannan ƙidaya ta aiko mana, za mu karanta a gidan rediyo da sunan garinta, sauran su ji yadda ta yi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a.