Me Ya Sa Ake Ƙirga Tsuntsayen Fadama?

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, duk wanda ya bi fadamar gulbin Rima daga Goronyo zuwa Wurno, ko ya leƙa fadamar Raba, ya san balbela da zalɓe da dinya. Da sanyi kuma baƙin tsuntsaye kan taso daga Turai, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka a ruwayen ƙasarmu.

Kowane watan Janairu, 'yan sa-kai a ƙasashe da yawa kan fita bakin ruwa su ƙirga tsuntsaye, ba don a biya su ba. A Nijeriya ana yin haka a dausayin Haɗeja da Nguru, inda ƙungiyar kare muhalli ta NCF take aiki.

Mene ne amfaninsa? Tsuntsayen ruwa suna cin kifi da kwaɗi da ƙwari da tsabar ciyawa. Idan ruwa ya ƙafe, ko maganin feshi ya gurɓata shi, abincinsu zai ƙare, sai su ƙaura. Ke nan raguwarsu gargaɗi ce ga masunta da manoman shinkafa da albasa, tunda ruwa ɗaya muke sha da su.

Mu ma za mu iya. Mu bi malaminmu bakin gulbi da littafi da biro, mu rubuta rana da wuri da yawan da muka gani. Mu ajiye danƙo, mu daina kwasar ƙwai a sheƙa. Ranar 2 ga Fabrairu ce Ranar Dausayi ta Duniya. Mu liƙa ƙidayarmu a wannan bango ranar nan.