Gidajen Gahawar Turai da Teburin Mai Shayin Ƙofar Wambai

A dandalin San Marko na birnin Benis, a ƙasar Italiya, akwai wani gidan gahawa mai suna Florian da aka buɗe ranar 29 ga Disamba, 1720, kuma har yau ana zuba wa mutane gahawa a cikinsa. Wato ya girmi birnin Bauchi da kusan shekara casa'in, tunda a 1809 ne Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa garin, daga baya aka kewaye shi da ganuwa aka fitar da ƙofofi irin su Wunti da Ran da Jahun da Wambai. Masu yawon buɗe ido sukan biya kuɗi mai tsoka don su zauna a kujerun Florian, ba don gahawarsa ta fi ta ko'ina daɗi ba, sai don su ce sun zauna inda marubuta da 'yan siyasar ƙarni uku suka zauna.

Duk mutumin Ƙofar Wambai da ya ji wannan labari zai gane abin da ake yi a irin waɗannan gidaje ba tare da an yi masa dogon bayani ba, domin yana ganin irinsa kullum bayan sallar Asuba da bayan Isha'i. Tebur ne da benci biyu ko uku, tukunyar ruwan zafi, gwangwanayen madara da Milo da Bournvita an jera su, burodi a gefe, kiret ɗin ƙwai, ga kaskon suya. Sai kuma mutane, waɗanda rabinsu sun gama shan abin da suka saya tun ɗazu amma ba su da niyyar tashi.

Su kansu Turawan aro suka yi. Itacen gahawa ɗan ƙasar Habasha ne, kuma Sufayen Yaman ne aka fara sani da dafa 'ya'yansa a ƙarni na 15 don su iya raya dare da zikiri ba tare da gyangyaɗi ba. Daga nan gahawa ta isa Makka da Alƙahira. A 1511 gwamnan Makka, Khair Beg, ya tara malamai da likitoci aka haramta ta, amma haramcin bai yi ƙarko ba. Wajen 1555 wasu mutum biyu daga Sham, ɗaya ɗan Halab ɗaya ɗan Dimashƙu, suka buɗe gidan gahawa a unguwar Tahtakale ta Santambul. Sai bayan kusan shekara ɗari abin ya shiga Ingila, inda aka buɗe gidan gahawa na farko na birnin Landan a 1652. A Faris wani ɗan Sisili ya buɗe Procope a 1686. A Viyana kuwa labarin da ake ba baƙi shi ne wai sojojin Daular Usmaniyya ne suka gudu suka bar buhunan gahawa bayan sun kasa cin garin a 1683. Abin da takardu suka nuna ya fi wannan sanyi: wani ɗan kasuwa Ba'armeniye mai suna Diodato ne ya karɓi izinin sayar da ita a 1685.

Abin da ya sa masana tarihi suka damu da waɗannan gidaje ba abin shan ba ne. A Landan ta wancan zamani kwabo guda ake biya a shiga, a sha kofi, a karanta jaridun ranar, a yi musu da duk wanda aka tarar, ko attajiri ne ko magatakarda. Har laƙabi aka yi musu da jami'o'in kwabo. A gidan gahawar wani Edward Lloyd, wanda ake da labarinsa tun 1688, masu jiragen ruwa da masu ba da lamuni suke haɗuwa, kuma daga wannan zama ne kasuwar inshorar Lloyd's ta samo asali. Sarki Charles na Biyu ya ga surutun ya yi yawa, ana taɓa gwamnatinsa, sai ya ba da sanarwar rufe gidajen a ƙarshen Disambar 1675. Ko mako biyu ba a yi ba ya janye. Masanin nan Bajamushe Jürgen Habermas, a littafinsa na 1962, ya ɗauki irin waɗannan wurare a matsayin inda mutanen gari suka fara zama su tattauna al'amuran mulki a bainar jama'a, ba a fada ba, ba kuma a coci ba.

Bauchi ta san wannan darasi da kanta. A 1943 aka kafa wani zauren tattaunawa a garin, wanda Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, lokacin yana koyarwa a makarantar Midil, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suke cikin masu halarta. Da tambayoyi suka fara zafi a kan mulkin En'e, sai hukuma ta kashe zauren, kamar yadda Sarki Charles ya so yi. Amma maganar da aka fara ba ta mutu ba, kuma wanda ya bi sawunta zai kai ga kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950. Wancan zaure na malamai ne da ma'aikata. Sauran jama'a nasu zauren shi ne majalisar ƙofar gida, da rumfar kasuwa, da inda wani mai ilimin boko zai karanta musu Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. Da BBC ta fara shirin Hausa a 1957, Muryar Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, sai rediyo ta sami mazauni a kan teburin mai shayi, kusa da gwangwanin sukari. Labarun safe da na dare sun dace daidai da lokutan da ake cika benci.

Kafin shayi ya zo, goro ne ke riƙe da wannan matsayi a ƙasar Hausa. Sinadarin da ke hana mai shan gahawa barci shi ne dai a cikin goro, kuma saboda shi fatake suka yi ta dakon hanya zuwa Gwanja da kasuwar Salaga, su yi watanni kafin su dawo. Sai dai goro a aljihu yake zama, ana ɓara shi a tsaye ko a tafe. Shayi kuwa yana bukatar wuta da ruwa da jira, kuma jiran nan ne ya haifi zaman.

Wanda bai saba ba zai ɗauka shayi shayi ne kawai. Ba haka ba ne. Akwai ruwan bunu, wanda babu madara a ciki, abin shan wanda aljihunsa ya yi sanyi ko dattijon da likita ya ja wa kunne. Akwai mai kauri, wanda ake zuba madara da Milo har cokali ya yi nauyi. Kowane mai shayi yana da sirrin tukunyarsa: wani citta ce ta fi yawa, wani kanumfari, wani ya jefa na'a-na'a ko masoro, kuma abokan ciniki suna bambancewa sarai. Sai sheƙawa, inda zai ɗaga kofi sama ya zubo shayin cikin wani kofin ba tare da ɗigo ya faɗi ƙasa ba, ya maimaita har ya huce ya yi kumfa. Indomie da ƙwai baƙuwa ce da ta zo daga baya ta kusa ƙwace gidan, musamman wurin samari da ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Gwallameji. Da safe kuma mutumin Bauchi yakan zo da masarsa a leda ya haɗa da shayin, ba ruwansa da burodi.

Mai shayi ya san wanda ke son sukari cokali uku da wanda ba ya so ko kaɗan, ya san wanda zai ce "Malam, rubuta, sai an yi albashi," ya kuma san wanda idan an rubuta an yi asara. Ana barin saƙo a wurinsa, ana ajiye makulli, baƙon da ke neman gidan wani shi yake fara tambaya. Birkila yana samun aikin gobe a bencin, dillali yana jin wanda ke neman ɗakin haya, mai Keke Napep yana jin inda aka tare hanya. A nan ake yanke wa Wikki Tourists hukunci bayan kowane wasa, a sauke gwamna a naɗa wani. Ma'aikacin gidan gahawar Viyana, wanda ake yabo da cewa ya san jaridar da kowane abokin ciniki ke karantawa, bai fi mai shayi sanin mutanensa ba.

A Nijar abin ya ɗauki wata siffa. Can samari ne da kansu suke kafa fada a bakin titi a Yamai da Damagaram da Maraɗi, su ɗora 'yar ƙaramar buta a kan gawayi, su dafa koren ganyen shayi na ƙasar Sin sau uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Wata masaniya mai suna Adeline Masquelier ta rubuta littafi sukutum a kan waɗannan fadodi a 2019. A Senigal kuwa gahawar Tuba ake sha, wadda Muridai suke dangantawa da Shehu Amadu Bamba, kuma abin da ke ba ta yajinta ba wani abu ba ne illa kimba, wadda matanmu ke dakawa a yaji.

Ba komai ne abin yabo ba a teburin mai shayi. Jita-jita tana tashi daga nan ta zaga unguwa kafin hantsi, kuma tun da wayar hannu ta maye gurbin rediyo abin ya ƙaru, domin rediyo aƙalla tana da edita. Akwai teburin da ruwan wanke kofinsa bokiti ɗaya ne tun Magariba har tsakar dare. Sukarin da ake ɗurawa ma abin dubawa ne. Sannan wuri ne na maza zalla: mace sai dai ta aiko yaro da kofi. Nan ma ba mu muka fara ba, don a 1674 an buga wata takardar koke a Landan da sunan mata, ana ƙorafin cewa gidajen gahawa sun ɗauke musu mazaje. Uwargidan da ta dafa tuwo ya huce maigida yana can yana musun siyasa za ta sa hannu a wannan takarda yau ba tare da an roƙe ta ba.

To me ya sa nasu ya zama abin tarihi, namu kuwa ko a lissafi ba ya shiga? A ganina amsar rufi ce da takarda. Café Central na Viyana yana nan tun 1876, kuma ana iya nuna wa baƙo zauren da Leon Trotsky yake buga dara kafin juyin juya halin Rasha. A 2011 aka sa al'adar gidajen gahawar Viyana cikin jerin al'adun gadon ƙasar Ostiriya da ke ƙarƙashin tsarin UNESCO, har da teburan marmara da jaridun da ake ratayewa da kofin ruwan da ake kawowa tare da gahawa. Ba Turai kaɗai ba: a kasuwar Khan el-Khalili ta Alƙahira gidan El-Fishawi ya haura shekara ɗari biyu a hannun zuriya ɗaya, kuma ana tunawa da Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, a matsayin mai zama a wurin. Waɗannan duka suna da gini, da suna a rubuce, da magaji. Mai shayinmu kuwa a bakin kwata yake, a filin da ba nasa ba. Ranar da aka zo faɗaɗa titi ko mai gidan ya so gina shago, sai ya ɗauki teburinsa a ka. Idan ya tsufa ko ya rasu, yaronsa ya buɗe nasa a wata unguwa, zaman shekara talatin ya watse ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya. Tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 ta ƙara tsananta abin, don madara da sukari da ƙwai da gas duk sun tashi, mai kauri ya koma ruwan bunu a bakin mutane da yawa.

Akwai kuma batun ganyen kansa. Sabon yayin da ake yi a biranen Turai shi ne gahawa ta musamman, wadda ake rubuta sunan gonar da ta fito da tsayin tudun a jikin leda, kuma sai masu ɗanɗano sun ba ta maki 80 cikin 100 kafin ta shiga wannan aji. Mu kuwa ga tsaunin Mambila a Jihar Taraba, wadda muke iyaka da ita, inda ake noman shayi a Kakara ana sayar da shi da sunan Highland Tea, ana kuma noman gahawa nau'in Arabika. Duk da haka da wuya ka ji mai shayi yana alfahari da cewa ganyensa na Mambila ne. Kowane iri ya zuba, Lipton ake kiransa.

Ba ana cewa a mayar da teburin mai shayi gidan gilashi mai na'urar sanyaya ɗaki ba. Ranar da kofi ya fi ƙarfin lebura, wurin ya tashi daga abin da yake. Abin da ake bukata kaɗan ne. Ƙaramar Hukumar Bauchi tana iya ware wa tsofaffin masu shayi matsuguni na dindindin da rumfa da famfo a duk lokacin da ake gyaran titi, maimakon a kore su. Masu unguwanni sun san teburan da suka fi daɗewa a Ƙofar Wambai da Wunti da Nasarawa da Jahun. Ɗaliban tarihi da na Hausa da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu su je da na'urar ɗaukar magana, su tambayi dattawan nan wa ya koya musu sana'ar, nawa ne kofi lokacin da suka fara, su wa suka zauna a bencinsu, wace muhawara ce ta fi zafi a zamanin jam'iyyun NPN da PRP. Masu amsa waɗannan tambayoyi suna nan da ransu, amma ba yara ba ne, don haka a hanzarta.